Hannun Madam Zinatu

Madarunfa, daren Laraba, tsakiyar damina

Yau malaminmu na karatun mastar ya maido mini da bidiyona. Cewa ya yi kowa ya ɗauki kansa yana koyar da wani aikin jinya. Na jingina wayar salula a tagar asibiti, na kira Rabi, ɗalibar da aka turo mana koyon aiki, mai gadi ya ara mana hannunsa mu nemi jijiyar ƙarin ruwa.

Rabi ta yi ta lalube, ba ta same ta ba. Ban san sa'ad da na zagaya na ɗora yatsuna bisa nata ba. Na ce, "Bar kallo, ɗiyata. Danna a hankali. Kin ji ta?" Ta ce, "Wallahi Tanti, ga ta nan!"

Malam ya rubuto: "Bayanki kaɗai nake gani. Ki sake, ki yi bayani da baki."

Gaskiyarsa, amma haushi ya hana ni cin tuwo. Haka malamata Madam Zinatu ta koya mini a lakwal, makarantarmu ta jinya, tana tsaye bayana, tana ƙamshin man zafi, ba ta cika magana ba. Don in zama irinta nake wannan karatu ta intanet, ina farautar reso na waya lungu-lungu.

Da tana da rai, da gobe na hau motar Maradi na tambaye ta yadda ake faɗin abin nan da baki. Na ma san amsarta. Hararata za ta yi, ta ce, "Miƙo hannunki."