Ɗigon Da Yatsa Ba Ya Ji

Dilimi, Jos

Zuwa ga Yaya Labaran,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Kubra da yara, da fatan zafin Fatakwal bai gama narkar da kai ba. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan sai godiya. Inna ta samu sauƙin ƙafar, sai dai yanar idon nan ta ƙaru, yanzu sai ta kai abu dab da hanci take gane shi.

Saƙonka ya iso, cewa in je in ba abokinka Alhaji Musaddiq haƙuri, in sa hannu a takardarsa. Yaya, ba zan sa ba. Na san shi ya samo min aikin amsa waya a sabon asibitin idon nan na Dutse Uku, kuma ban manta alheri ba. Amma da alama rabin labarin ya ba ka, to ga sauran.

Ƙungiyar da ta taimaka aka gina asibitin ta kafa sharaɗi a kan allunan ƙofofi. Dole kowane allo ya kasance a gefen ƙofa daidai inda hannu zai kai, harufa manya masu tudu, baƙi a kan fari ba ƙyalli, sannan da rubutun makafi mai ɗigo-ɗigo a ƙasa. Kuma sai makaho ya shafa ya shaida kafin a karɓi aikin. Alhaji ne ɗan kwangila, ni kuma ni ce makauniyar da ke kusa, shi ya sa aka kira ni ranar dubawa.

Na bi bango ina shafawa tun daga ƙofar shiga har ɗakin magani, ban ji allo ko ɗaya ba. Sai Sista Obiamaka, nas ɗin da muke shiri, ta raɗa min cewa duk suna can saman ƙofa. Na ce to a kawo min tsani. Aka yi dariya, an ɗauka wasa nake. Da suka ga na ajiye sanda na ɗaure gyale a ƙugu, sai aka kawo. Na hau a gaban baƙin da suka zo dubawa, Obiamaka na riƙe da ƙasan tsanin tana salati irin nasu. Yaya, allon sumul yake kamar farantin tangaran. Ashe hoton ɗigon aka buga a jikin roba, mai ido ya gani ya yaba. Ina daga saman na faɗa musu ban ji komai ba.

Daga baya Alhaji ya ce na kunyata shi, wai makafi nawa ne ma suka iya karatun, ai akwai masu gadi da za su nuna hanya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Shekara shida na yi ina koyon rubutun nan don in daina jiran a ja ni. Kuma ranar da na kai Inna asibitin, harufan allunan masu ƙyallin azurfa sun ɓace mata cikin hasken fitila, ta tura ƙofar banɗakin maza tana neman likita. Har yau ba ta yarda a tayar da zancen.

Kada ka ce ƙorafi kawai na iya. Na je kasuwar Katako wajen Gyang kafinta, ya sassaƙa min allo ɗaya na gwaji, ya yi ɗigon da ƙananan ƙusoshi masu zagayen kai, ina faɗa masa inda zai buga. Na kai ofis. Amsar da aka ba ni ita ce in sa hannu kafin Juma'a, ko in ajiye makullin teburina. Ina son aikin nan, Yaya, kuma ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Amma sunana ba zai hau ƙarya ba.

A cikin ambulan ɗin nan akwai ɗaya daga cikin allunan Alhaji, wanda ya faɗo Obiamaka ta tsinto min. Ka rufe idonka ka shafa. In ka gaya min ɗakin da yake nufi, zan sa hannu a ranar.

Ka gaishe min da Anti Kubra da Mahdi da Ummi. Inna da Goggo Atine suna gaishe ka.

Ƙanwarka mai taurin kai,
Balaraba