Amsar da Na Ba Likita

Litinin, 3 ga Maris

Ina rubuta wannan da hannuna, ba tare da taimakon kowa ba, domin ya zama shaida. Yau malamin ajin yamma ya zana tsani a kan allo, ya jera mana kalmomin Turanci waɗanda ake faɗin yawan aukuwar abu da su. A matakin sama akwai mai nufin "kullum", sai "sau da yawa", sai "wani lokaci", sai "ba safai ba", can ƙasa kuma "ba a taɓa ba". Ni na fara haddace su. Bai dace wani ya riga shugaban masu lodi na babban sito ba.

Laraba, 5 ga Maris

Na gwada su a kan mai ɗakina tana wanke kwanuka. Na ce da Turanci kullum ina da gaskiya, sannan na fassara mata. Ta ce, "Malam, ashe har Turawa sun samu labari." Ta yi dariya har ta dafe ƙirji, ta zauna a kan bokiti. Dariyar ce ta yi mata yawa.

Litinin, 10 ga Maris

Auta ta zo daga gidan mijinta, ta dage a kai uwarta asibiti saboda ƙirjin nan. Na amince, da sharaɗin ni zan kai ta.

Alhamis, 13 ga Maris

Rana ce mai muhimmanci. Likitan baƙo ne, ba ya jin harshenmu. Wata nas ta jawo kujera za ta yi mana tafinta, na ce ta huta, gidana ba ya buƙatar aron baki. Ya tambayi sau nawa ciwon yake taso wa mai ɗakina. Tun bai rufe baki ba na gane. Na ce "wani lokaci", lafazi tsaf. Ya tambayi ko numfashinta yana sarƙewa, na ce "ba safai ba". Ya yaba Turancina, ya rubuta ƙwayoyi, ya sallame mu. Ita dai tana kallon takalmanta. A hanya ta ce, "Me kuka ce ne?" Na ce an gama, babu komai.

Talata, 25 ga Maris

Ta faɗi a bakin famfo bayan na fita aiki. An ba ta gado a asibiti.

Laraba, 26 ga Maris

Auta ta tare ni a barandar asibiti. "Baba, me ka gaya wa likita ranar nan?" Na maimaita mata. Ta ce, "Wani lokaci? Kullum ne. Kowace safiya. Tana jira ka ɗaura agogo ka fita, sannan ta jingina da bango." Na ce don me ba a sanar da ni ba. Ta ce, "Ka taɓa tambaya?" Ban tsawata mata ba, saboda wurin marasa lafiya ne.

Ni abin da idona ya gani na faɗa. Tun aurenmu ni nake magana a madadinta, a gaban mai gidan haya, a makarantar yara, a ko'ina. Ba ta taɓa cewa na kauce ba.

Juma'a, 28 ga Maris

Ban je aji ba.

Litinin, 31 ga Maris

Likita ya ce zuciyarta ta gaji ƙwarai. Ya ce da ya san ciwon na kullum ne, da tun ranar farko bai bar ta ta koma gida ba. Wannan ma na gane shi, kalma bayan kalma, kuma na so a ce ban gane ba. Bai yi mini alkawarin komai ba.

Na sake bin amsoshina a zuciya. Babu kuskure ko ɗaya a Turancin. To, ina amfaninsa?

Laraba, 2 ga Afrilu

Masu lodi sun jibge buhuna a karkace, na wuce ban sa an gyara ba. A gida kwanukan da ta bari suna nan a bakin famfo. Na nemi inda take ajiye sabulu, ban samu ba. Gidan da nake cewa nawa.

Asabar, 5 ga Afrilu

Likita ya zo zagaye, ya dube ni ya yi tambaya. Amsar tana kan harshena. Sai na kira nas ɗin nan, na ba ta kujerata, na koma gefen taga. Ba don komai ba, maƙogwarona ne babu daɗi yau.

Mai ɗakina ta yi magana mai tsawo, a hankali, tana hutawa a tsakani. Ta ambaci jiri, da kumburin ƙafa, da yadda hannunta na hagu yake mutuwa in ta ɗauki ruwa. Ko ɗaya ban sani ba. Likita yana ta rubutu, har ya juya takarda.

Da suka fita ta ce, "Malam, yau Turancin ya ƙare ne?" Na ce yana hutawa. Ta lumshe ido. Na matso na tambaye ta ko ciwon yana yi mata yanzu. Ta buɗe ido ta dube ni, ta ce yana yi.

Gobe ma zan tambaya, tunda dai asibitin a kan hanyata yake.