Kwanon Khala Awadiyya

Ard al-Liwa, Alƙahira
9 ga Fabrairu, 2014

Zuwa ga Yayata Indo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya Inna da ƙafarta? Mu nan alhamdu lillahi. Maigidana Malam yana ta fama da karatu, kwana uku a mako ma a unguwar Darrasa kusa da makarantarsu yake kwana wajen abokansa saboda nisan hanya.

Saƙonki ya iso ta hannun Tijjani: kuka, daddawa, yajin Inna, da ƙullin maganin basir. Na gode, Allah ya bar zumunci. Sai dai Yaya, ba basir ba ne. Ku mutanen Azare ko ƙaya ce ta soki mutum sai ku ce basir. Bayan wata takwas ina wahala, likita ya zura na'ura mai ido ya duba cikina, ya ce babban hanjina ne ya kumbura har ya yi gyambo. Ya ce ciwo ne da ba ya tafiya gaba ɗaya, kwanciya yake ya tashi, amma da magani mutum yana rayuwarsa kamar kowa. Ran da ya tashi kuwa, ciki ya dinga murɗa ke nan, in zagaya sau goma kafin azahar, har da jini. Yanzu ƙwaya shida nake sha kullum, kuma na fara ganin sauƙi. Abinci ba shi ya kawo ciwon ba, amma akwai masu tsokanarsa a jikina: barkono, wake, madara, da mai idan ya yi yawa. Ni da nake satar yajin Inna ina lasa a bayan ɗaki, yau ga shi gwangwani guda a gabana sai dai in buɗe in shinshina.

Kin tambaya a wasiƙarki ko abincin wa nake ci, wai kada a je sammu aka yi mini. Haba Yaya. Mutum ɗaya ce ke ba ni abinci a garin nan, maƙwabciyata da ƙofarmu ke kallon tata, Khala Awadiyya. Khala shi ne yadda suke kiran ƙanwar uwa. 'Yar Sudan ce, amma kakanta mutumin Katagum ne da ya tafi hajji a ƙafa ya zauna a hanya, kuma Hausa ce a bakinta irin ta tsofaffi. Ran da ta ji daga inda na fito, rungume ni ta yi tana kuka. Ita ta koya mini kasuwa, ita ta nuna mini yadda ake faɗa da mai tuk-tuk, wato keke mai ƙafa uku na haya, ita ta zauna da ni lokacin da kewar gida ta kusa haukata ni. Ba ni da uwa a nan sai ita.

To ga matsalar. Kullum bayan la'asar sai ta turo ƙofa da kwanonta, kisra ce, wato wainarsu mai faɗi, da miyar busasshiyar kuɓewa da ta sha barkono har ta yi ja. Na san ba daga yalwa take ɗiba ba, shayi take sayarwa a bakin titi. Idan na ci, kwana biyu ina birgima. Cewa ba na so kuwa, kin san yadda mayar da abincin babba yake a wajenmu, nasu ma ya fi tsanani. Kuma da wane baki zan zauna gaban uwa in yi mata bayanin gudawa da jini? Ran da Malam yake gida shi ke cinyewa. Ran da ba ya nan, Allah ya yafe mini, ƙullewa nake a leda in tura ƙasan shara, in wanke kwano in zuba mata ɗan dabino in mayar ina yabon miya. Kada ki faɗa wa Inna.

Ki gaida kowa da kowa, ki shafa mini kan auta.

Ƙanwarki,
Khairat

Ard al-Liwa
20 ga Afrilu, 2014

Yaya Indo,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya, kuma zafin bana bai matsa wa Inna ba. Gaisuwata gajeriya ce yau domin raina a ɓace yake.

Asirina ya tonu, kuma kyanwa ce ta tona. A gidan nan kowa a bakin ƙofarsa yake ajiye ledar shara, mai kwasa ya bi hawa-hawa da safe. Ranar Talatar wancan makon ya makara, kyanwoyin bene suka yaga tawa, suka ja miyar Khala da kisrarta har bakin ƙofarta. Na buɗe ƙofa na same ta a durƙushe tana kwashewa da hannunta. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta zage ni da ya fi mini. Cewa ta yi tun tana yarinya a Sudan ake ce wa irinsu jikokin Hausawa masu asiri, a makaranta yara ba sa taɓa abin da uwarta ta dafa, ta saba. Amma ba ta taɓa zaton za ta ga haka daga 'yar ƙasar kakanta ba. Ta ce in kwantar da hankalina, ba ta zuba mini komai ba. Ta shiga ta rufe ƙofa.

Kin san abin da ya ɗaure mini baki a lokacin? Ba kunyar ciwon kaɗai ba. Bayan wasiƙarki ta biyu, da kika sake nanata cewa mugu ba ya zuwa da muguwar fuska, akwai kwana biyu ko uku da na kalli kwanon nan zuciyata ta ce, to idan fa? Na kori tunanin, na yi istigfari, amma ya riga ya shiga. Shi ya sa da ta faɗi maganarta na kasa rantsuwa. Na yi fushi da ke ƙwarai, har na rubuta miki wata takarda mai zafi na yaga. Daga baya na ga ke daga nesa kike tsoron a cutar da ƙanwarki, ni ce nake kusa na san matar.

Yau kwana goma sha biyu babu kwano. Idan na gaishe ta a bene tana amsawa, amma kamar yadda ake amsa wa mai karɓar kuɗin wuta. Ciwon kuma ya tashi gadan-gadan, likita ya ƙara magani ya ce damuwa ma tana tashinsa. Malam kullum cewa yake in je in faɗa mata gaskiya, khalas, magana ta ƙare. Shi namiji ne, gani yake abin da sauƙi. Sau uku ina zuwa bakin ƙofarta in ɗaga hannu in dawo. Ina tsoron in rasa ta, Yaya, fiye da yadda nake tsoron ciwon.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida Inna, ki ce mata ina samun sauƙi.

Taki,
Khairat

Ard al-Liwa
16 ga Agusta, 2014

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barkanmu da shan ruwa, an yi salla lafiya? Yaya yara da ɗinkin salla, yaya Inna? Ki yafe mini shirun da na yi, ba fushi ba ne, rashin mai zuwa gida ne. Na ga ban-haƙurinki kuma ya wuce.

Jikina da sauƙi sosai. Wata biyu ke nan ban ga jini ba, murɗar ma sai jefi-jefi, kuma na san hanyarta yanzu: ruwan ɗumi a gora in ɗora a mara, in rage ci, in kwanta ta ɓarin hagu. Azumi goma sha ɗaya na samu, sauran likita ya hana, Malam ya kawo mini hujja har da lambar shafi don kada in yi gardama. Na koma karatuna. Duk hanyar da zan bi na san masallatan da ke da banɗakin mata, in kin zo Masar ni zan zaga da ke.

Yanzu labarin da kike jira. A farkon Mayu na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ɗauki ambulan ɗin asibiti, mai hotunan cikin hanjina masu launi, na ƙwanƙwasa. Ban tsaya dogon gaisuwa ba don kada ƙarfin halina ya tsere, na baje mata su a kan tabarma. Na faɗa mata komai, jinin, zagayawar, da abin da barkono ke yi mini. Na kuma faɗa mata na kwana ukun nan da zargi ya shiga zuciyata, domin idan na ɓoye shi gyaran rabi ne. Ta daɗe tana kallon hoto ɗaya. Sai ta hau ni da faɗa, Hausa da Larabci a haɗe: wai wata da watanni ina zubar da jini taku huɗu daga ƙofarta, ita tana ɗura mini barkono da hannunta, ni ina ce mata miya ta yi daɗi. Ta ce wace irin kunya ce wannan, ita da ta wanke uwarta shekara uku a kwance. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Washegari ta ja ni kicin ɗinta, ta jera kayan miya, ta ce in nuna abokan gabana ɗaya bayan ɗaya. Tun daga nan take ɗibar nawa a ƙaramar tukunya kafin ta zuba barkono. Ta ƙirƙiro wani faten kabewa da shinkafa da ɗan naman kaza wanda cikina ya karɓa hannu biyu. Kuma ta daina ajiyewa ta tafi, zama take mu ci a kwano ɗaya, wai mai ciwo ba ya ci shi kaɗai. Ki ga matar da ko shayi ba ta sha sai da citta mai yawa tana haɗiyar abinci salam tana ɓata fuska, tana ce mini tamam, wai ya yi daidai.

Amma akwai abin da na lura da shi wanda ya dinga cin raina. Duk ran da ta ajiye kwano, ita ke fara sa hannu, ta kai loma biyu tana kallon bango, sannan ta turo mini. Ba ta taɓa cewa komai ba, ni ma ban ce ba, amma mu duka mun san dalili: nuna mini take ba ta zuba komai a ciki ba. Sau da yawa na yi saurin miƙa hannu, sai ta riga ni. Wata uku muna haka, kuma na san ni na jawo.

Jiya bayan la'asar ta shigo da faten. Ta ajiye a gabana, ta ce ta manta gas a kunne, in fara kafin ya huce, ta fita abinta. Na zauna ni da kwano, ba wanda ya taɓa shi. Na yi bismillah na ci, ina ci ina hawaye. Da ta dawo ta tarar na kusa kai rabi, sai ta ce ashe haka nake da haɗama, ta ture hannuna ta ja kwanon gabanta.

Ki gaida Inna da kyau, ki gaida maigidanki da yara. Khala ma ta ce a gaishe ki da sunanki.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Khairat