Ba Zan Goge Layin Laba Ba

Malam Hadi, don Allah ka taimake ni da shawara, raina a ɓace yake.

Ni malamin awo ne a kasuwar auduga ta Daudawa, ranar da babu kasuwa kuma ana tura ni Sheme da Sabuwa. Da aka ce a bar laba a koma kilo, ni na zauna na rubuta jadawali a kwali, laba a hagu, kilo a dama, har malamai na Ƙanƙara suka kwafa. To bana hedikwata ta sayo injin lissafi mai cin kati mai huji-huji, aka aiko da sabon fom. Wai injin bai gane rabi da kwata, sai ɗigo, kuma sunan ma'auni ake fara sawa kafin lamba. Ban yi gardama ba. Sati biyu ina gyara jadawalin layi-layi har ya dace, amma na bar layin laba a gefe. Shugabana, Alhaji Rabo, ya ce in goge shi, ko ya kai ni gaba. Na ce mashi ba ni gogewa. Tsoho ya kawo audugar da ya sha wahala a kanta, in ce mashi kilo kaza da ɗigo kaza, ya tsaya yana kallona kamar na cuce shi? Ko zai ja mani kora, ba ni yi. Matata dai kuka take, ta ce taurin kai zai raba mu da abinci.

Mai Sikeli, Daudawa

Mai Sikeli, gyaran da ka yi aikin kirki ne, kuma kana da gaskiya: manomin da bai gane awo ba ba zai yarda da sikeli ba. Amma Alhaji Rabo ma ba mugunta yake yi ba. In malami ɗaya ya kwafi lambar laba cikin fom da kuskure, injin zai ɗauke ta a matsayin kilo, kuma shi za a tuhuma.

Ka raba abin biyu. Jadawalin ofis ya zama kilo zalla. Na laba ka rubuta shi da manyan lambobi, ka rataya jikin sikeli inda kowane manomi zai gani. Ka je wurin Alhaji ku kaɗai, ka gaishe shi, ka nuna masa duka biyun. In ya hana ratayawar ma, to ka tsaya a kan bakanka, ka rubuto mini.

Allah ya riƙa maka, ya kwantar wa maiɗakinka da hankali.