Ranar da Na Ɗauki Angonki a Cinya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima. Wata goma sha ɗaya ke nan da kika bar mu. Na san masu duba salula ne za su karanta wannan, amma na gaji, kuma ban saba gaya wa kowa gajiyata ba sai ke.

Maganar angonki ce, jikan nan naki da kika fi ji da shi. Kabar da kike shafa wa man shanu ta ƙi kwanciya. Likita ya ce sai an yi aiki, in aka ƙara jinkiri hanji na iya maƙalewa.

Kin san yadda muke da shi. Ɗan fari ne, tun da aka yaye shi ya koma ɗakinki. Shekararsa bakwai ban taɓa kiran sunansa gaban mutane ba, Yaya yake ce mini kamar sauran yaran gidan. In ya faɗi ya fasa gwiwa na taso, sai ki ce, "Ke, ba mu wuri, mi naki ciki? Ni da angona na." Ni ce malamar lakwal, makarantar boko, mai rarrashin 'ya'yan mutane kullum, nawa kuwa sai kallo daga nesa. Ban taɓa ganin aibin hakan ba, tun da kina nan.

Zuwanmu na farko asibitin Maradi, mun bar Madarumfa da sassafe, bai ci ba bai sha ba, haka suka ce. Babansa yana cirani Najeriya, ni kaɗai ce. Suka ba shi wani siro mai kwantar da hankalin yara kafin a shiga ɗakin fiɗa. Yarinyar da ke kusa da mu ta sha nata, ta yi lamo tana murmushi. Namu ya sha, abin ya juye masa. Ya yi ta shure-shure yana kiranki, mutum uku suka riƙe shi, ya yi kuka har ƙirjinsa ya soma ƙara. Aka ɗaga aikin. Ni kuwa ina tsaye jikin bango, na naɗe hannu cikin hijabi. Inna, na ji kunyar kaina ranar nan, na ji haushinki ma kaɗan, ki gafarce ni.

Sati uku na yi ina lura da tafiyarsa da safe, ko zai dafe mara.

Da muka koma, wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ni. Ta ce siron yana wa yara da yawa amfani, wasu kuma yakan birkita su, to wannan karon za a gwada wasa a salula. Ta ce shi wasan, ido da yatsa kawai yake ɗaukewa, sauran jikin sai an sami cinyar wanda yaron ya yarda da shi. Ta tambaye ni wane ne. Na ce kakarsa ce, ta rasu. Ta dube ni, ta miƙo mini salular.

Na ɗauke shi, Inna, gaban mata kusan goma a kan benci. Ya yi nauyi, ban san ya kai haka ba. Da fari ya sandare kamar an zaunar da shi kan kujerar baƙi. Wasan na kifi ne, ana taɓa su suna nutsewa, ya ce mini ba su kai na tafkinmu girma ba. Sannu a hankali bayansa ya kwanta a ƙirjina. A haka na bi ma'aikatan da shi har ƙofar ɗakin fiɗa, yana ƙirga kifi.

Da suka kawo robar nan ta hanci mai sa barci, salular ta suɓuce. Ya damƙe wuyan rigata, idonsa a rufe, ya ce Inna. Ke yake kira, na sani. Na duba gefe don ki zo ki karɓe shi, sannan na sa bakina a kunnensa na ce na'am, ga ni. Hannunsa ya saki, suka wuce da shi.

An yi aikin lafiya, mun dawo gida jiya. Ya koma ce mini Yaya, ban gyara masa ba. Amsawar nan da na yi a madadinki ban nemi izini ba, kuma ina jin zan riƙa yi.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya saka miki da Aljanna a kan duk goyon da kika yi. Ya ba angonki lafiya, ya ba ni ƙarfin ɗaukarsa. Amin.

Ɗiyarki,
uwar angonki