Dutsen Guga a Cikin Zani

Samaru, Zariya.

Zuwa ga Kawu Ɗanmalam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali a can Fatakwal. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana ɗan fama da gwiwa amma ba ta fasa islamiyya ba. Naila matar Yaya Abdulrahim kuwa ciki ya tsufa, a asibiti sun ce ko yau ko gobe. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san ban yi nisa a boko ba. Na zaɓi takarda ne don a waya kai kake magana, mu namu sai to.

Kawu, bari in faɗa maka abin da na gani ranar Talata da safe. Rana ta fara fitowa, zan tura keke napep ɗina waje, sai na hangi Yaya Abdulrahim ta gefen labule. Yana zaune a bakin gado, ba wanda ya tayar da shi. Ya jawo tsohon dutsen gugarsa na gawayi, wanda yake aiki da shi a shagon ɗinki kafin ɓarin jikinsa ya shanye, ya naɗe shi da zanin Naila, ya ɗora a hannun daman nan da ya mutu. Ya sunkuya yana yi wa dutsen guga kiran salla ƙasa-ƙasa, yadda ake yi a kunnen jariri. Harshe na sarƙewa, yawu na zuba, sai ya goge da kafaɗa ya koma farko. Amma bai saki dutsen ba sai da ya kai ƙarshe.

Da rana na tuna masa, ya sunkuyar da kai, ka san kunyar ɗan fari. Da ƙyar ya haɗa maganar, ya ce in na faɗa wa wani da dutsen zai fasa mini kai. Ga shi na faɗa maka. Ranar da hannun ya iya jifa, ni zan miƙa masa kan da kaina.

Saƙonka ya iso ta bakin Inna. Ka ce a kai Yaya ƙauye kafin haihuwa, Naila ta koma gidansu a Sabon Gari ta haihu ta yi wankan jego kamar yadda aka saba, liman ya yi wa jariri huɗuba, tunda gida ɗaya ba zai ɗauki majinyaci da mai jego ba. Na san tausayi ne ya sa ka. Amma Kawu, rabonka da shi tun yana kwance a asibiti ana juya shi kamar kayan wanki. Wancan mutumin kake yanke wa hukunci, ba wanda muke kwana muke tashi da shi ba. Ba za mu kai shi ba. Ban taɓa yi maka musu ba tun rasuwar Baba, yau na yi, ka yafe mini.

A ƙauye wa zai kai shi gashin ƙashi? Nan ni nake ɗaukarsa a keke, in koma neman fasinjan ɗalibai, in dawo in same shi yana jirana da gumi. Ni nake yi masa wanka, Naila ke ba shi abinci, yanzu ma ƙwace cokalin yake yi, rabi a baki rabi a riga. Ba na ɓoye maka, akwai wuya. Akwai ranar da yake juya fuska bango ya ƙi kowa. Abin da ya fi ci masa rai 'yan dubiya ne, su zauna a gabansa suna tambayata ya jikinsa, alhali kunnensa ras yake. In aka ɗauke shi daga gidan nan aka haifi yaron ba ya kusa, wallahi bangon zai koma kallo, kuma ban san mai sake juyo da shi ba.

Inna tana gaishe ka, ta ce ita ba ta aike ni ba, amma ba ta hana ni ba. Ka gaishe da Gwaggo Rahamatu da yara duka. Ka sa Naila a addu'a, Allah ya raba lafiya.

In kana ganin son ɗan'uwa ne ya rufe mini ido, ba ni kaɗai na gani ba. Reuben maƙwabcinmu yana tsaye a bakin rijiya da guga a hannu, ya gani. Hajiya Nana Khadija, mahaifiyar Naila, ta shigo da kunu daga Sabon Gari tana bayana ban sani ba. Ta ajiye kwanon a ƙasa, ta ja mayafi ta fita don kada surukinta ya san ta gan shi. Washegari ta aiko da babbar tukunyar wanka da itace, ta ce a Samaru za ta yi wa 'yarta jego, matan unguwarsu su faɗi abin da za su faɗa. Lambarta tana wurinka, ka tambaye ta.

Ɗanka,
Usaid