Mai Riƙe Ƙofa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya gwiwar, ya ɗanki da iyalinsa? Tunda kunnen ya ƙi waya, ga takarda, ita dai ba sai na ɗaga murya ba.

Tun da kika yi ritaya jami'a ba ta kawo kowa a madadinki ba. Kujerarki tana nan, ɗalibai sun mayar da ita wurin ajiye jaka. Ni kaɗai ce ma'aikaciyar ɗakin gwajin yanzu: ni ce wanke kwalabe, ni ce duba firiza, ni ce cika tulunan naitrojin a ɗakin ƙasa.

An yi mana bita kan kiyaye haɗari. Wani jami'i mai fara'a ya zo da majigi, ya nuna mana hotunan hannuwan da suka ƙone har wata ɗaliba ta rufe ido. Sannan ya kafa doka, kowa ya sami abokin aiki, kada wanda ya shiga ɗakin naitrojin shi kaɗai. Dariya ta kusa ƙwace mini, don abin da ni da ke muka yi shekaru muna yi ke nan, ɗaya ta shiga, ɗaya ta tokare ƙofa da ƙafa tana jan ta da hira.

Ya ce a tashi a haɗu bibbiyu. Kafin in gama mayar da biro cikin aljihu kowa ya kama nasa, ɗalibi da ɗalibi, dakta da dakta. Na duba hagu na duba dama, sai ni. Ya ce, "Malama, kada ki damu, za mu nemo miki." Har yau ana nema.

Samfuran jinin da ke cikin tulunan kuwa ba su san jira ba. In ruwan naitrojin mai tsananin sanyi da ke adana su ya ja baya, aikin mutane na shekaru ya lalace. Don haka nake sauka ni kaɗai, in tokare ƙofar da ɗan bencin nan mai ƙafa uku. Ba ya hira, amma kuma ba ya yi mini faɗa a kan safar hannu.

Ki shafa mini kan jikokinki. Allah Ya ƙara sauƙi.

Ƙanwarki,
'Yar Sanyi

*

'Yar Sanyi,

Wa alaikumus salam. Gwiwa tana nan da halinta, mutanen gida suna amsawa.

Benci! Ashe duk shekarun nan aikin benci nake yi ban sani ba. To bari in tambaye ki: in kika zube a ƙasa, bencin ne zai yi ihu? Ke da kanki kike gaya wa sababbin ɗalibai cewa naitrojin ba shi da wari, ba shi da launi, yana ture iskar da ake shaƙa ne kawai, mutum ya ji kamar barci. Hirar da nake ja miki a bakin ƙofa ba don labarinki yana da daɗi ba ne. Shirunki nake saurare. Ranar da kika yi shiru, na san abin da zan yi.

Na san halinki sarai. Gara ki ɗauki tulu a ka da ki ce wa wani "don Allah." Kina da baki, ki yi amfani da shi. Ginin cike yake da mutane masu ƙafa bibbiyu.

Kin tambayi gida. Suna kula da ni, ban da abin cewa. Ɗana ya ba ni ɗakin baya mai taga. Da safe kowa ya watse, shi ofis, matarsa asibiti, yara makaranta, sai ni da agogon bango. Har yanzu in na tashi wanke hannu sai na kai gwiwar hannu, surukata tana kallona tana murmushi. Ran nan na tsinci kaina ina rubuta kwanan wata a jikin robar gishiri. Kewar ƙugin firizojin nan nake yi, su da suka cinye mini kunne. Ki ji wauta.

Ki nemi mutum. Ban ce benci ba.

Yayarki, wadda ɗalibai ke ce wa Uwar Safar Hannu a bayan ido

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ki gafarce ni da jinkirin amsa, na rasa ta inda zan fara ne.

Jami'in ya dawo ya yi mana gwajin ƙararrawar gobara, ba tare da sanarwa ba, don a ga ko bitar ta shiga. Ina ɗakin ƙasa a lokacin. Kin san yadda yake, firizoji suna ƙugi, tiyo yana huci, ƙararrawar kuma tana can hawa na sama. Ban ji komai ba. Na gama, na cire gilashin ido, na hauro.

Yaya, babu kowa. Fitilu a kunne, injin juya kwalabe yana ta juyi shi kaɗai, farar rigar wani a ƙasa. Wayar wata tana ta ruri a kan tebur. Na yi sallama a ɗaki biyu, na uku ban iya ba. Na ɗauka wani mugun abu ne ya faru.

Da na leƙa taga sai na hango su a filin ajiye motoci, ƙarƙashin bishiyar da aka kafa wa koren allon wurin taruwa. Jami'in yana tsaye a kan dakali. Tagar a buɗe take, na ji shi sarai. Ya ce, "Kowa ya ga abokinsa?" Suka ce e. Ya sake tambaya, suka sake cewa e. Ya ce, "Madalla, mun cika." Suka tafa.

Ba ƙarya suka yi ba, kowa ya ga abokinsa. Haka aka koya musu ƙirga, kuma sun ƙirga daidai.

Ban sauka ba. Na kashe injin da aka bari, na ɗauke rigar daga ƙasa na rataye. Da suka hauro suna raha, wata ɗaliba ta ce, "Anti, kin riga mu dawowa?" Na ce e.

Ba fushi nake ba. Da fushi ne da ya fi sauƙi. Kaɗaici na ji, irin wanda ban ji ba ko ranar da na koma gida bayan rasuwar maigidana, don a ranar an san ba ya nan. Ba zan tayar da maganar ba. Me zan ce, ku lura da ni? Gobe ma akwai cikon tulu, zan sauka kamar kullum.

Ki huta lafiya.

'Yar Sanyi

*

Ƙanwata,

Sallama, gaisuwar a taƙaice, raina a ɓace yake.

Akwai abin da na ɓoye miki. Gwiwar nan ba haka kawai ta tashi ba. Kwanakin baya santsi ya kwashe ni a banɗaki da hantsi. Na kasa tashi. Ɗana ya ɗauka matarsa tana gida ranar, ita kuma ta ɗauka ya kai ni ganin likita. Ina kwance a kan tayil ina kallon ƙasan bokiti har yara suka taso daga makaranta. Babu wanda ya ƙi ni a gidan nan. Kowa ya zaci wani yana tare da ni, shi ke nan.

Na san sanyin ƙasa, 'Yar Sanyi, ke sunan kawai gare ki. Ni na samu an dawo an tarar da ni ina numfashi. Ɗakin naitrojin ba ya jira a taso daga makaranta.

Ba cewa za ki yi a lura da ke ba. Cewa za ki yi ba za ki shiga ba. In kuwa kika sake sauka da bencin nan, wallahi zan hau mota da sandata in zo in tsaya a ƙofar, ki ji kunya a gaban ɗalibanki.

Yayarki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Na karanta, na yi kuka, kuma ban yafe miki ɓoyewar ba tukuna.

Ranar cikon tulu na sa riga, na sa safar hannu da gilashi, na tsaya a bakin matakala. Mutane suna wucewa suna cewa sannu da aiki. Ƙafata har ta yi tsami. Can sai ga daktan nan dogo da ba ya amsa gaisuwa. Ya ce, "Lafiya?" Na ce, "Tulunan suna neman ruwa, ni kuma ba ni da mai riƙe ƙofa." Ya ce, "Ranar ƙararrawa, da wa kika fita?" Na ce ban fita ba. Na ga fuskarsa ta sauya.

Ya biyo ni. Na nuna masa inda zai sa ƙafa, na ce ya yi ta magana ina amsawa, in ya ji shiru kada ya shigo, ya yi ihu. Bawan Allah ba shi da hira ko ta anini. Sai ya kama karanta mini rubutun jikin abin kashe gobara, ni kuma ina cewa "to." Ya ce zai kai wa jami'in maganar ƙirga da ta ƙararrawa. Ko zai dawo wani makon, ban sani ba. Bencin dai na mayar da shi sama.

Saura ke. Daga gobe, kullum da hantsi, in gida ya watse, zan kira ki. In ba ki ɗauka ba, zan kira ɗanki, ko yana gaban shugabansa. Kada ki ce mini kunne.

Ƙanwarki

*

'Yar Sanyi,

Wa alaikumus salam. Na ajiye wayar a kan taga, inda zan ga haskenta.

Ba zan ji abin da kike faɗa ba. Ba komai, ki kira. Zan ɗauka in yi ta surutu, ke kuma ki saurara.

Yayarki